Kwabon Kaka Ya Yi Baƙi: A Goge Ko A Bar Shi?

 

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan makon ta wata ƙanwarmu ce 'yar aji biyu a babbar sakandare, wadda gidansu yake Abare, cikin ƙaramar hukumar Anka. Ta ce da hutun nan ana gyaran ɗakin kakarta, wanda damina ta kayar da bangonsa, sai magina suka tono wani tsohon gwangwani a inda gadon ƙasa yake. Tsatsa ta cinye gindinsa, ƙasa ta cika shi, amma a ciki akwai tsofaffin tsabar kuɗi sun kai talatin. Wasu da huji a tsakiya, wasu da hoton Sarauniya, ɗaya kuma babba ce mai nauyi da kan wata mata da lambar 1780. Kaka ta yi dariya ta ce ita har ta manta da su, ta bar wa jikar gaba ɗaya. To amma duk sun yi baƙi, wasu ma sun yi kore. Yayanta ya ce a tsoma su cikin ruwan batir, ƙawarta kuma ta ce toka da lemun tsami sun fi. Tambayarta ita ce, wanne ne ya fi fito da ƙyalli?

Ƙanwarmu, kada ki yi ko ɗaya. Ajiye tokar, ki kuma ce wa Yaya ya bar ruwan batir a cikin batir. Akwai wani wanki guda da ya zama dole ki yi saboda garin da kike, za mu zo kansa. Amma bari mu fara da sanin abin da yake hannunki, domin wanda bai san darajar abu ba shi ke saurin kai masa soson ƙarfe.

Masu hujin nan da ke da tauraro mai tsini shida a bayansu su ne kwabo da ɗari da anini. Babban shi ne kwabo, mai bi masa ɗari, wato rabin kwabo, ɗan ƙaramin kuma anini, wanda sai an tara goma ake samun kwabo guda. Turawan mulkin mallaka sun fara buga kwabo da anini a 1907, ɗari ya biyo baya a 1911. Hujin an yi shi ne don a zura su a igiya. Idan kika ga an rubuta British West Africa, ki duba ƙarƙashin hujin da kyau, za ki ga an rubuta ƙimar kuɗin da haruffan Larabci, saboda a lokacin masu karatun allo sun fi masu boko yawa nesa ba kusa ba. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, irin ƙarfen tukunyar nan marar nauyi, sai aka ga yana saurin lalacewa, aka sauya masa ƙarfe tun a 1908.

A 1912 aka kafa hukumar da ke buga wa Nijeriya da Gana (a lokacin ana ce mata Gold Coast) da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. A 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Taro kwabo uku ne, sisi kwabo shida, sule kwabo 12, fataka kuma sule biyu, sai an tara sule 20 a samu fam ɗaya. Ga ɗan lissafi ga masu son lissafi: fam ɗaya kwabo 240 ke nan, wato anini 2,400. Duk sulen da kika ga shekararsa tsakanin 1913 da 1919, azurfa ce ta gaske, kashi 925 cikin 1,000. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka koma buga su da tagulla. Shi ya sa za ki ga sule biyu masu hoton itacen kwakwa iri ɗaya, amma ɗaya fari, ɗaya ruwan ɗorawa.

Masu hoton Sarauniya Elizabeth da rubutun Federation of Nigeria namu ne na kanmu, Babban Bankin Nijeriya ya fito da su a 1959. Mu dai a duk cikin tsabar ƙasar nan su suka fi burge mu, saboda abin da aka zana a bayansu. Taro mai kusurwa 12 auduga ce a jikinsa, sisi koko, sule itacen kwakwa, fataka kuma gyaɗa. Auduga da gyaɗar nan su ne kakanninmu suka noma suka kai Gusau aka loda a jirgin ƙasa, a layin dogon da ya wuce har Ƙaura Namoda a 1929. Waɗannan kuɗi aka ci kasuwa da su har ranar 1 ga Janairu, 1973, da aka koma naira da kwabo, sule goma ya zama naira ɗaya. Kuɗin sun tafi, sunayensu sun zauna a bakinmu. Har gobe muna cewa wane ba shi da ko sisi, ko anini ba a biya ba, muna kiran naira 200 jaka saboda fam 100 ce a da. Yawancinku kun faɗi waɗannan kalmomi sau dubu ba ku taɓa ganin masu sunan ba. Ƙanwarmu ta Abare yanzu tana da su a tafin hannu.

Babbar nan mai kan mata ita ce liyari, wasu su ce dala. Matar sunanta Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fatake sun shigo da ita ƙasar Hausa da Barno ta hamada tun kafin zuwan Turawa, lokacin da wuri ne kuɗin yau da kullum. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri kusan 2,500. Sai dai kada lambar 1780 ta ruɗe ki. 'Yan kasuwa sun amince da wannan zubin har ba sa karɓar wani, don haka aka ci gaba da buga ta da shekarar nan ba a sauya ba, a Ostiriya da Ingila da Italiya da Indiya, har yau ma ana bugawa. Nauyinta giram 28 ne, kusan giram 23 a ciki azurfa ce zalla. Ita ce maƙeran fari suka riƙa narkarwa suna yi wa mata zobe da warwaro.

To yanzu maganar gugar. Ba daga littafi kawai muke magana ba, mu ma mun taɓa yin wannan ɓarnar. Muna aji ɗaya a sakandare wata gwaggonmu ta ba mu sulen azurfa na zamanin Sarki George na Biyar. Ya yi baƙi, amma ana ganin kowane ganye na itacen kwakwar, ana ganin duwatsun kambin sarkin. Muka samu toka da lemun tsami da ɗan yashi, muka zauna bayan ɗaki muka yi ta dirza tun la'asar har kiran magariba. Ya fito fari tas, muka yi ta murna muna nuna wa abokai. Da gari ya waye muka duba shi a rana, sai ga jikinsa duk ƙananan zane kamar gindin tsohuwar tukunya, lambar ƙarshe ta shekarar ta dushe, kambin ya zama sumul. Bayan 'yan makonni baƙin ya dawo, amma dabbare-dabbare, ya fi na da muni. Sulen yana nan a wurinmu har yau, kuma har yau muna gardama da kanmu ko 1913 ne ko 1918.

Abin da ba mu sani ba a lokacin, malamin kimiyya zai iya gaya muku shi a minti biyar. Baƙin da ke jikin tsohon kuɗi ba datti ba ne da ya zauna a kai. Fatar ƙarfen ce da kanta ta sauya. Jan ƙarfe idan ya daɗe yana haɗuwa da iska, samansa yakan koma ruwan ƙasa, in da laima kuma ya yi kore. Azurfa kuwa da farar wuta take haɗuwa, wadda ake samun burbushinta a iska da hayaƙi da gumi, shi ne take yin baƙi. Wannan fatar siririya ce ƙwarai, kuma ita ke rufe ƙarfen da ke ƙasa ta hana iska ci gaba da cinsa. Tunda rubutu da zanen kuɗin a saman nan suke, duk abin da ya cire fatar da su yake tafiya. Toka da yashi da soson ƙarfe da man goge baki kankarewa suke yi. Lemun tsami da tsamiya da ruwan batir narkarwa suke yi. Kowanne ka bi, ƙarfe ka rage, kuma ba wanda zai iya mayar da shi. In aka haɗa da gishiri abin ya fi muni, domin gishiri yana shiga ƙananan ramukan tagulla ya zauna, bayan wata biyu ka ga wani koren gari yana fitowa yana cin kuɗin daga ciki. Su kuwa tsabar 1991, irin naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Gwada su da maganaɗisu ka gani, za su manne. Ka goge rufin, tsatsa ta samu ƙofa.

Masu tara tsofaffin kuɗi a duniya sun san wannan sarai. Abin da suke fara yi in an miƙa musu kuɗi shi ne su juya shi a haske su nemi zanen guga. In sun gani, farashi ya faɗi, wani ma ya ce ba ya so. Sun fi son baƙin kuɗi mai cikakken rubutu a kan mai ƙyalli da aka dirje. Akwai kuma ƙananan alamomi da guga ke fara cinyewa. A jikin kuɗin British West Africa za ki iya ganin ɗan harafin H ko KN ƙanana kamar ƙwayar gero, masu nuna masana'antar da ta buga shi a birnin Birmingham. Wani lokaci wannan ɗan harafin ne ke bambanta kuɗin da ke ko'ina da wanda samunsa ke da wuya. Ki duba kuma ko akwai kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin da ya hau gadon Ingila a Janairu ya sauka a Disambar shekarar. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a nan an kashe su a kasuwa.

Da a ce wasiƙar nan daga Zariya ko Katsina ta zo, da sai mu ce a bar su yadda suke, mu rufe fili. Amma daga Abare ta zo, kuma daga cikin ƙasa aka tono kuɗin.

Da yawanku kuna jarirai ko ba a haife ku ba a 2010, lokacin da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba a san dalili ba, har likitocin ƙungiyar MSF, wadda gidajen rediyo ke kira Na-gari Na-kowa, suka gano gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gida a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida, ƙurar ta bi ɗaki da rijiya da kwanon abinci. Yara sama da 400 suka rasu, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar, wasu da suka rayu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Abare tana cikin garuruwan da abin ya shafa, tare da Dareta da Sunke da Tungar Daji da Duza da 'Yargalma da Tungar Guru, sai Bagega da aka yi wa aikin tsaftacewa a 2013. Aikin shi ne a kwashe saman ƙasar gidaje a kai rami a binne, a zubo sabuwa. An yi aiki babba, amma dalma ba ta ruɓewa, ba ta kuma da wari ko launin da ido zai gane ta a cikin ƙasa. Tsohon bango da ƙarƙashin gado wurare ne da ƙura ke maƙalewa shekara da shekaru.

Saboda haka ƙasar da ke jikin kuɗin nan dole ta fita, kuma da ruwa za ta fita, ba a bushe ba. Kada ki hura da baki, kada ki karkaɗe, kada ki sa buroshi a busasshen kuɗi, domin ƙurar ce abin gudu. Ki yanke gindin robar ruwa wadda ba za a sake ci ko sha da ita ba, ki zuba ruwan leda, ki sa kuɗin su kwana a ciki, masu kama da juna wuri ɗaya, azurfa daban, tagulla daban. Da safe ki motsa su a hankali da yatsa, ƙasar za ta saki da kanta. In ta ƙi, a sauya ruwa a ƙara kwana. Ki ɗauraye, ki shimfiɗa su a kan tsumma mai laushi, ki danna a hankali ba tare da gogawa ba, ki bar su su bushe sarai a inuwa. Ruwan wankin a zuba shi a masai, ba a tsakar gida inda yara ke rarrafe kaji ke tsattsaga ba. Robar da tsumman da ruɓaɓɓen gwangwanin duk a jefar inda yaro ba zai ɗauko ba. Kada a yi aikin kusa da madafa, kuma ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci. Bayan wannan, baƙi ko ruwan ƙasan da ya rage a jikin kuɗin nasa ne, a bar masa.

Akwai wata dabara da muke roƙon ku da babbar murya kada ku gwada. A garuruwan da ake wanke zinare ba a rasa zaiba, farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa da ake kama zinare da shi. Yara kan gano cewa in an shafa ta a jikin kwabo yakan yi fari fat kamar sabuwar azurfa. Gaskiya ne yana yi, na kwana kaɗan, daga nan ya dushe ya lalace. Amma zaiba guba ce, tururinta yana tashi ko ba a sa mata wuta ba, yana shiga huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ruwan batir shi ma, ban da ƙona fata da makantar da ido, daga cikin farantan dalma yake fitowa. Wato shawarar Yaya da an bi ta, da an ƙaro dalma a gidan da ake ƙoƙarin raba shi da ita.

Su kansu kuɗin ba duka ne za a yarda da su ba. A zamanin sule an yi fama da jabu, har a 1938 aka sauya wa sule da fataka baki, aka yi musu wani kwari a gefe don masu zuba na ƙarya su kasa kwaikwaya. Jabun da yawa da dalma da kuza ake zuba su. Alamarsu ita ce launin toka-toka, da taushi, da rubutu mai kama da wanda ya narke, kuma ba sa ƙara irin ta kuɗin gaske. Tsofaffi kan gwada da haƙori, ku kada ku yi. Haka kuɗin da aka liƙa wa ɗan kunne don a rataya a wuya, sau da yawa da dalma aka yi liƙin. Don haka kada a ba ƙanne su yi wasa da su, kada a zura wa jariri kwabo a wuya. Kun san duk abin da ƙaramin yaro ya riƙe, baki zai kai.

Ajiya ba ta da wuya. Kowane kuɗi a naɗe shi a 'yar takardarsa, kada su riƙa gugar juna. A riƙe shi ta gefe, domin gumin yatsa yana barin tabo. Kada a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, akwai farar wuta a cikinta, tana baƙanta azurfa. Wanda kika ga yana fitar da koren gari mai laushi kamar alli, ki ware shi daban, ki ajiye a busasshen wuri.

Mun san tambayar da ke zuciyar wasunku: nawa za a saya? Kun sha jin jita-jitar cewa kwabo mai huji yana kawo miliyoyi. Yawancin waɗannan kuɗi miliyoyinsu aka buga, suna nan da yawa a gwangwanayen kakanni daga Sakkwato har Banjul, kuma kuɗinsu a kasuwar masu tarawa kaɗan ne. Masu ɗan tsada su ne na azurfa, da 'yan ƙalilan masu shekara ko harafin da ba a buga da yawa ba. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗin rajista ko na gwaji kafin ya haɗa ku da mai saye, ɗan damfara ne. Wanda kuma ya zo yana gaggawar ya kwashe duka a kan kuɗin kati, ku ce sai an yi shawara da manya. Wanda Allah ya kai shi Abuja, Babban Banki yana da gidan tarihin kuɗi da ya buɗe a 2009, inda za a ga tun daga wuri har takardun yau.

Abin da muka fi so ki yi, ƙanwarmu, shi ne ki samu littafin rubutu guda. Kowane kuɗi ki ba shi shafinsa: shekara, rubutun da ke jiki, hoton da ke baya, inda aka same shi. Sannan ki ɗauki littafin ki je ki zauna wurin Kaka, ki tsokane ta kamar yadda kuka saba, ki tambaye ta me taro yake saya a kasuwar Anka tana budurwa, nawa aka biya sadakinta, wa ya ba ta liyarin nan, me ya sa ta binne su ba ta kashe ba. Mu gwaggonmu ta rasu ba mu tambaye ta komai a kan sulen ba, lokacin hankalinmu yana wurin toka.

Sauran ɗalibai na Gummi da Bukkuyum da ko'ina, ga aikin wannan makon. Duk wanda ke da tsohon kuɗi a gida, bayan an wanke ƙasar ya bushe, ya ɗora farar takarda a kai, ya riƙe da kyau, ya shafa gefen bakin fensir a hankali har hoton ya fito, gaba da baya. A rubuta sunan da tsofaffin gida ke kiran kuɗin da shi, da sunan makaranta da aji, a aiko mana. Za mu buga waɗanda suka fi fitowa a mako na sama, tare da bayanin kowanne.